Mata uku, murya da goge da piyano: me ya sa suke yawon gari-gari su kaɗai?

"Assalamu alaikum Anti. Ina karatun aikin jinya a arewacin Ingila. Makon jiya wata abokiyar karatuna ta ja ni wani tsohon coci a wani ƙaramin gari, wai za a yi kiɗa. Mata uku ne kacal: ɗaya tana rera waƙa, ɗaya da gogen Turawa, ɗaya a kan piyano. Ba ganga, ba lasifika, ba mai liƙi, kowa ya yi tsit. A takardar da aka raba na ga jerin garuruwan da za su zaga a cikin wata guda. Me ya sa su uku kawai, kuma duk mata? Da me suke ci? Ƙanwata a Kaduna tana koyon kibod, ita da ƙawayenta biyu suna son kiɗa. Irin wannan zai yiwu a gida?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tambayarki ta faranta mini rai, domin kujerar da mace ta ukun nan ta zauna a kai, ta gaban piyano, ita ce kujerata tun ina budurwa. Na raka mawaƙa da masu goge a Ingila, na kuma raka su a gida. In na fahimce ki, kina son sanin dalilin haɗa murya da goge da piyano, da dalilin da mata suka yi yawa a irin wannan tawaga, da kuma ko sana'a ce da za ta riƙe mutum. Duka suna komawa wuri ɗaya. Wannan ƙungiya don hanya aka gina ta. Ita ce mafi ƙanƙantar tawagar da za ta riƙe jama'a dare guda ba su ƙosa ba, gari ya waye ta shiga mota ɗaya ta wuce gari na gaba.

Lissafin mutum uku

Mu fara da mai waƙar. Tunda ba makirufo, jikinta ne lasifikarta. Tantanin murya guda biyu ne a maƙogwaro, kuma a wajen mace tsawonsu bai kai santimita 2 ba. In ta rera sautin da makaɗa suke saita kayansu da shi, tantanin nan suna kaɗawa sau 440 a daƙiƙa ɗaya, in kuma ta hau can ƙololuwa sai su wuce sau 1,000. Shekaru take yi tana koyon yadda za ta riƙe numfashi daga ƙasan haƙarƙari, ta saki muƙamuƙi, ta buɗe baki daidai da tsayin sauti, har murya ta kai kujerar ƙarshe ba tare da ihu ba. Amma tsoka tsoka ce. Ba mai hankalin da za ta rera sa'a ɗaya da rabi a jere yau, ta sake gobe, ta sake jibi. Dole a samu wanda zai karɓe ta ta sha ruwa ta huta.

Nan gogen ya shigo. A kayan kiɗan Turai shi ne ya fi kusa da muryar mace: yana jan sauti ya daɗe, yana ƙara ƙarfi a tsakiyar sauti, yana rawar murya. In mawaƙiya ta shiga ciki, kunnen jama'a bai rasa abin bi ba. Sai dai murya da goge, yawancin lokaci, sauti ɗaya-ɗaya suke fitarwa. Wanda zai shimfiɗa musu ƙasa, ya ba da kauri da taku, shi ne piyano, mai madannai 88 da yatsu goma a kansa. Aikin da makaɗa hamsin za su yi a babbar ƙungiya, mai piyano ce take taƙaita shi ita kaɗai.

Shi ya sa in kin duba takardar da aka ba ki za ki ga juyi ake yi. Waƙoƙi uku ko huɗu na murya da piyano, sai dogon kiɗan goge da piyano, wani lokaci piyano zalla, sannan su ukun tare a ƙarshen kowane rabi. Rabin farko kamar minti 45, a yi hutu, a dawo. Ki lura da wadda ba ta tashi ba tun farko har ƙarshe. Mai waƙa ta huta, mai goge ta huta, mai piyano tana nan. Duk da haka an daɗe ana rubuta sunanta da ƙananan baƙaƙe a ƙasan takarda, ana kuma biyan ta ƙasa da sauran. Wannan abu yana ci mini rai har yau, kuma duk tawagar da ta nemi shawarata nakan ce a raba kuɗi uku daidai tun ranar farko.

Akwai wata wahala da mai kallo ba ya gani. Muryar mace mai tsayi da goge kusan fage ɗaya suke kiwo. In suka hau sauti ɗaya a lokaci ɗaya, gogen yakan cinye kalmomin, jama'a su ji daɗin sauti amma ba su ji abin da aka ce ba. Masu tsara kiɗa na ƙwarai sun san haka, sai su sa gogen ya yi magana inda murya ta ja numfashi, kamar yadda 'yan amshi suke jira mawaƙi ya dire kafin su karɓa. Mozart ya yi haka a 1775 a wata waƙa ta cikin wasansa Il re pastore, Richard Strauss kuma ya yi a waƙarsa Morgen, inda gogen yake ɗaukar karin tun kafin mawaƙiya ta buɗe baki. Waƙoƙin da aka rubuta takanas don su ukun ba su da yawa, don haka irin waɗannan tawagogi sukan zauna su sake tsara na wasu da hannunsu.

A ɗakin gwaji yawancin lokacinmu a kan numfashi yake ƙarewa. Mai goge takan riƙe fensir ta sa 'yar alama a takardarta duk inda mawaƙiya za ta shaƙi iska, domin ta juya bakanta, wato sandar da take goga tsirkiya da ita, a daidai wurin. Ni kuma idona yana kan takarda, amma gefen idona yana kan kafaɗar mai waƙa. In na ga ta ɗaga kaɗan, na san kalma tana tafe, kuma ba zan sauke hannu a kan baƙin farko na kalmar ba, sai wasalin ya buɗe. Tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma ita ce bambancin kiɗan da yake tafiya tare da wanda ake ja. Shirun da kika ga jama'a sun yi, saboda irin waɗannan ƙananan abubuwa ne. Tari ɗaya mai ƙarfi yana iya rufe su.

Yadda mata suka shigo

Tsarin cakuɗa murya da kayan kiɗa a dare guda tsoho ne. Kafin tsakiyar ƙarni na 19, haka yawancin tarukan kiɗa suke a Turai. Mutum ɗaya ya riƙe dandali shi kaɗai baƙon abu ne lokacin da shahararren mai piyano Franz Liszt ya yi haka a Landan a 1840. Da jirgin ƙasa ya haɗa garuruwa, sai ƙananan tawagogi suka bazu.

A wancan zamani gidajen masu hali suna koya wa 'ya'yansu mata piyano da waƙa a matsayin ado na tarbiyya, kuma makarantun kiɗa suna ɗaukar mata da yawa. Goge ne aka daɗe ana cewa bai dace da mace ba, wai tsayuwar da riƙe shi a haɓa ba su da kyan gani. Mata irin su Wilma Neruda, haifaffiyar Brno a ƙasar Czech ta yau, da Camilla Urso, haifaffiyar Nantes a Faransa, su suka karya wannan magana da hannunsu. Neruda ta kai Ostareliya a 1890 da 1891, ta je Afirka ta Kudu a 1895. Urso ta zauna a Amurka ta yi shekaru tana zaga ta da 'yar tawagarta.

Amma in mace ta gama karatu ta ƙware, ina za ta samu albashi? Manyan ƙungiyoyin makaɗa, inda aiki na dindindin yake, a rufe suke. A Landan sai 1913 jagoran makaɗa Henry Wood ya ɗauki mata shida a ƙungiyarsa ta Queen's Hall, cikinsu har da Rebecca Clarke, wadda daga baya ta rubuta waƙoƙi na murya da goge. Babbar ƙungiyar makaɗa ta Balin a Jamus sai 1982 ta ɗauki mace ta farko, mai goge Madeleine Carruzzo. Ta Biyana, babban birnin Ostiriya, kuwa sai 1997 ta yarda mace ta zama cikakkiyar mamba. Ki duba wannan shekara da kyau, jiya-jiya ne. To macen da ta yi shekara goma tana koyo abu biyu ya rage mata, ko ta koyar da yara a gida, ko ta nemi 'yan'uwanta biyu su kafa tasu tawagar. Tafiyar mata zalla tana da wani sauƙi kuma: ɗaki ɗaya ya ishe su a masauki, iyaye sun fi sakin jiki, bakin mutane ma ya fi raguwa.

Wadda nake yawan ba ɗalibaina labarinta ita ce Clara Schumann, mai piyano 'yar Jamus. An haife ta a 1819, mijinta ya rasu a 1856 ya bar ta da 'ya'ya bakwai, kuma da yatsunta ta ciyar da su. A shekarar ce ta fara zuwa Ingila, ta yi ta komawa har tsufanta. Ta hau dandali da mai goge Joseph Joachim fiye da sau 200, ta kuma raka mawaƙa da dama, ciki har da matarsa Amalie. Ba sha'awa kaɗai ta fitar da ita ba, kuɗin makarantar yara ne da na haya.

A Amurka abin ya zama kasuwa sosai. James Redpath ya buɗe ofishinsa a Boston a 1868 yana tura masu lacca da makaɗa garuruwa. Daga 1904 aka fara yawon tantuna da ake kira Chautauqua, inda ake kafa babban tanti a ƙaramin gari na kwanaki, kowace rana da tata tawagar, in ta gama ta hau jirgi zuwa tanti na gaba. Ƙungiyoyin mata uku-uku da huɗu-huɗu sun cika wannan hanya, kuma takardun tallansu suna nan a ajiye a Jami'ar Iowa. Rediyo da silima mai magana da karyewar tattalin arziki ta 1929 su suka kashe kasuwar. Fitacciyar mai gogen Amurka Maud Powell, wadda ta nace sai ta kai kiɗa ƙananan garuruwan da manyan makaɗa suke rainawa, a kan hanya ajalinta ya same ta a 1920, a wani gari na jihar Pennsylvania.

Ingilar da kike zaune ma tana da nata tarihin. A 1940, ana tsakiyar yaƙi, aka kafa hukumar tallafa wa kiɗa da fasaha mai suna CEMA da ta riƙa tura makaɗa ƙauyuka da masana'antu da coci-coci, kuma ita ce ta rikiɗe ta zama hukumar fasaha ta ƙasar a 1946. Al'adar da kika tarar a cocin nan tana da jijiya a can. A yau ba wanda ya hana mata shiga manyan ƙungiyoyi, don haka matan da kika gani zaɓi suka yi. Sau da yawa ƙawaye ne tun makaranta, kuma da yawansu suna sa kiɗan da mata suka rubuta aka manta da shi, irin na Clara Schumann da Amy Beach da Rebecca Clarke.

Da me suke ci

Gaskiya ɗaya ce, kaɗan ne ƙwarai suke rayuwa da wannan yawo shi kaɗai. A ƙananan garuruwan Ingila akwai ƙungiyoyin masoya kiɗa, yawanci dattawa 'yan sa-kai, masu karɓar kuɗin mambobi na shekara su gayyato makaɗa. Ko dai a yi yarjejeniya a kan kuɗi tsayayye, ko a raba abin da tikiti ya kawo. Na farkon ya fi kwanciyar hankali, domin ranar da aka yi ruwa da sanyi kujeru rabi ne za su cika. Daga abin da aka samu za a cire mai, da masauki, da abinci, da buga takardu, wani lokaci har da kuɗin mai saita piyano. Kwanakin gwaji kuwa ba mai biya. Shi ya sa ake jera garuruwa kusa da juna a ƙanƙanin lokaci: shiri ɗaya aka sha wahalarsa, sai a sayar da shi sau da yawa kafin a canza.

Sauran cikon daga koyarwa yake fitowa, da kiɗan ɗaurin aure da jana'iza, da tallafin gidauniyoyi. Akwai Live Music Now, ƙungiyar da shahararren mai goge Yehudi Menuhin ya kafa a 1977, tana biyan matasan makaɗa su je asibitoci da gidajen tsofaffi da makarantun yara masu buƙata ta musamman. Ke da kike aikin jinya, mai yiwuwa wata rana ki gan su a ɗakin marasa lafiya. Burin kowa shi ne ya taka dandali irin Wigmore Hall na Landan, wanda aka buɗe a 1901, mai kujeru wajen 550, amma abincin yau da gobe a ƙananan wurare yake.

Kayan da ba ya bin mai shi

Mai waƙa tana tafe da muryarta. Mai goge tana rataye da nata, bai kai rabin kilo ba, ko a jirgin sama ba ta yarda a sa shi cikin kaya. Damuwarta ɗaya a kan iyaka, in bakanta tsoho ne mai ɗan hauren giwa a kai, sai da takarda. Mai piyano kuwa abin da ta tarar shi za ta kaɗa. Babban piyano na dandali ya kusa rabin tan, yana da tsirkiya fiye da 200, kuma jan da suke yi gaba ɗaya ya kai wajen tan 20. Ba a ɗaukarsa, ba kuma mai kaɗa shi ce take saita shi ba, sana'ar wani ce daban.

Na taɓa isa wani zauren ƙauye da la'asar na tarar da piyanon tsaye an jingina shi da na'urar ɗumama ɗaki, da tukunyar fure a kansa. Sautinsa ya sauka ƙasa da inda ya kamata, kuma madanni ɗaya a tsakiya in an danna ba ya dawowa. Abin da ake yi a nan sananne ne. Na ba mai goge sautin saiti daga piyanon yadda yake, ta sassauta tsirkiyoyinta huɗu suka sauko suka same shi, domin kullum goge ne yake bin piyano. Mawaƙiya ta rera 'yan layuka har kunnenta ya saba. Ni kuma na bi takarduna da fensir ina zagaye duk inda madannin nan ya faɗo, ina neman inda zan ɗauke sautin sama ko ƙasa. Saboda irin wannan ne tawaga mai hankali take isa gari sa'o'i kafin a buɗe ƙofa. Ɗaki ma yana da nasa hali. Coci mai bangon dutse yana riƙe sauti ya daɗe, sai a rage sauri a kuma rage taka fedal, abin nan na ƙasan piyano da ake takawa don sauti ya daɗe. Zaure mai kafet da labule yana shanye shi, sai mawaƙiya ta kiyaye kada ta matsa wa muryarta.

Ko zai yiwu a gida

Zai yiwu, kuma ba daga sifili za a fara ba. Mata masu yawon kiɗa ba baƙi ba ne a wurinmu. Hajiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, da matanta masu ƙwarya sun zaga garuruwa shekara da shekaru, haka Uwaliya Mai Amada. Kunnen Bahaushe kuma ya san tsirkiyar da ake gogawa da izga da ƙaro, daga goge har kukuma. Sai dai ki sani, saboda alaƙar goge da bori a tarihinmu, wasu iyaye za su ɗaga gira in suka ga 'yarsu da na Turawa. A zauna da su tun farko, a nuna musu inda za a yi da waɗanda za su halarta. Taron mata zalla, ko na makaranta, ko na ɗakin taro da rana, ya fi sauƙin farawa.

A ɓangaren rubutaccen kiɗa, Legas ce cibiya. An kafa ƙungiyar masoya kiɗa ta Najeriya, MUSON, a 1983, tana da makaranta da zauren kiɗa a Onikan. Jami'ar Nsukka tana koyar da kiɗa tun farkon shekarun 1960. Mutane irin su Fela Sowande da Ayo Bankole da Akin Euba sun rubuta kiɗan da ya ɗauki karin gida ya sa shi a kayan Turai, kuma akwai waƙoƙi na murya da piyano da Yarbanci da Ibo. Da Hausa ne ake da ƙaranci, kuma a ganina nan ne ƙofar ƙanwarki take. Kada su ɓata ƙarfinsu duka wajen kwaikwayon Jamusanci da Italiyanci da ba wanda zai ji a zauren. Su koyi biyu ko uku don horo, sannan su ɗauki waƙoƙin gaɗa da na daɓe da na reno su tsara su. Sharaɗin shi ne a kiyaye dogon wasali da gajere, da hawa da saukar murya, domin in kiɗa ya ja gajeren wasali kalma takan koma wata. Mai piyano kuma kada ta cika waƙar da nauyin sautuka irin na littafin coci. Hannun hagu ya ɗauki takun ƙwarya, ya bar sarari.

Batun kaya, hunturu ne babban abokin gaba. Katakon goge da na piyano sun fi son danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, a Kaduna da Kano kuwa yakan faɗi ƙasa da kashi 20 a watan Janairu. Na ga goge da 'yan turakunsa suka saki gaba ɗaya cikin dare, na ga wanda mannin gefensa ya buɗe. A riƙa ajiye shi a akwatinsa a rufe, da ɗan soso mai laima a cikin roba mai huji, kada a bar shi a mota a rana. Piyano na katako, in ba mai saita shi a kusa, wahala ce kawai. Su nemi na lantarki mai madannai 88 masu nauyi da fedal, domin ƙaramin kibod mai taushi ba ya horar da yatsu. Shi wannan yana shiga bayan mota, wanda sauƙi ne da matan da kika gani ba su da shi, amma su tanadi batir, kada ƙarar janareta ta rufe waƙar. Tikiti kuma bai zama al'ada ba a yawancin wurarenmu, don haka su daidaita da mai gayyata a kan kuɗi kafin su bar gida, su kuma roƙi a ajiye liƙi sai an dire waƙa.

Ni mai piyano ce, iyakata ke nan. Riƙon baka da tsayuwar hannu sai malamin goge da zai ga yarinyar ido da ido, domin bidiyon intanet ba ya gyara kafaɗar da ta ɗage. Wadda za ta yi waƙa kuma, in muryarta ta dushe ta wuce mako biyu zuwa uku, likitan kunne da hanci da maƙogwaro za ta gani, kada ta tsaya ga zuma da citta. Su fara da shiri na minti 20, waƙa huɗu, su yi shi a gaban 'yan gida, su ɗauka a waya su saurara tare. In kalmomin Hausar suna fita sarai a cikin ɗaukar, su ƙara waƙa ta biyar. In gogen yana rufe su, mai gogen ta ja baya taku biyu ta tsaya ta gefen mai piyano, a sake ɗauka.